Darasi: Injin Da Ke Hura Wa Tanderun Narka Ƙarfe Iska, Da Yadda Ake Hana Shi Tsayawa

Darasinmu na yau zai fitar da mu daga duniyar waya da kwamfuta, ya kai mu masana'antar narka ƙarfe, domin mu duba wani inji da ba a cika jin labarinsa ba, alhali idan ya tsaya na 'yan mintuna ba shiri, masana'anta sukutum na iya shafe kwanaki ko makonni tana gyaran ɓarna.

A ranar Asabar 12 ga Afrilun 2025, majalisar dokokin Birtaniya ta katse hutunta ta yi zaman gaggawa, ta zartar da doka a yini guda, don kada tanderun narka ƙarfe na garin Scunthorpe su huce. Matsalar da ke ƙasa a lokacin ita ce ƙarancin tama da gawayi, amma tsoron da ya tayar da su shi ne wanda ya shafi darasinmu: tanderun narka tama ba janareta ba ne da za ka kashe da dare ka kunna da safe. Idan abin da ke cikinsa ya daskare, dawo da shi aiki ne mai tsada ƙwarai, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Abubuwa biyu ke hana shi hucewa: abin da ake zuba masa ta sama, da iskar da ake hura masa ta ƙasa. Yau a kan iskar za mu tsaya.

Yadda tanderun yake aiki a taƙaice

Ka ɗauki tanderun a matsayin doguwar tukunya ta ƙarfe da aka liƙe cikinta da bulo mai jure wuta, tsawonta ya haura mita 30. Ta sama ake zuba tama, da gawayin kwal da aka gasa wanda ake kira kok, da dutsen farar ƙasa. Ta ƙasa kuma akwai bututai na jan ƙarfe a kewaye da tukunyar, waɗanda ruwa ke sanyaya su, a babban tanderu sukan kai 30 zuwa 40. Ta nan ake cusa iska mai zafin kusan digiri 1,200 a ma'aunin salshiyos. Iskar na ƙona gawayin, harshen wutar ya haura digiri 2,000, hayaƙin da ke tashi sama ya raba tama da iskar oksijin da ke manne da ita. Narkakken ƙarfe mai zafin kusan digiri 1,500 sai ya taru a gindin tukunyar, kashin ƙarfe kuma ya yi iyo a samansa, ana buɗe ƙofa lokaci-lokaci ana tsiyaye su.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi. Da yaron maƙera ya daina zuga, wuta ta lafa. To haka abin yake a nan, girman ne kawai ya bambanta. Tan ɗaya na ƙarfe na buƙatar kusan kubik mita 1,000 na iska, wato a nauyi, iskar ta fi ƙarfen da aka samu, domin tana kai kusan tan 1.3. Babban tanderu mai fitar da tan 10,000 a yini zai buƙaci kubik mita miliyan 10, ko kusan 6,900 a kowane minti. Idan ɗakinka mita 4 ne tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, to iskar da ta cika irin ɗakin nan fiye da biyu ce ke shiga a kowace daƙiƙa, da matsi da ya kai kusan ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota. Kuma haka za a yi ta yi dare da rana, domin akan hura tanderu ya shekara 15 zuwa 20 kafin a kashe shi a sake masa bulo.

Daga zugazugi zuwa tabain

Neman hanyar hura iskar da ta fi ƙarfin hannu tsohon al'amari ne. A shekara ta 31 miladiyya wani jami'in gwamnati a ƙasar Sin mai suna Du Shi ya yi amfani da ƙarfin ruwan kogi wajen motsa zugazugi. A 1828 James Neilson na Sikotland ya yi rajistar dabarar ɗumama iskar kafin ta shiga tanderu, abin da ya rage cin gawayi sosai. A 1857 Edward Cowper ya zo da manyan murahun bulo da ake ɗumama iskar a cikinsu, irin waɗanda ake amfani da su har yau. A 1884 kuma Charles Parsons ya ƙirƙiri tabain, wato injin da tururi ke bugun jerin farfela yana juya sanda. A ƙarni na 20 injuna masu juyawa suka maye gurbin tsoffin injunan zuga masu fistin.

Injin zuga na zamani kashi biyu ne a kan layi ɗaya. A gefe guda akwai tabain. A ɗaya gefen akwai kwamfuresa, mai ɗauke da layuka masu yawa na farfela, kowane layi na ƙara matse iskar ya miƙa wa na gabansa. Wani mahaɗi ne ke haɗa sandunan biyu, suna juyawa sau dubbai a minti, da ƙarfin da ke kai gomman megawat a manyan tanderu.

Me ya sa tururi? Dalili na farko, tanderun kansa yana fitar da hayaƙi mai ci da wuta, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu nasa iskar kabon monoksaid ce. Ana tace shi a ƙona a tukunyar tururi, sai masana'anta ta samu makamashi daga abin da da ma shara ne. Na biyu, ana iya ƙara gudun tabain ko rage shi daidai da buƙatar tanderu. Na uku, ba ya dogara kai tsaye ga layin wutar ƙasa. Masana'antu da yawa a yau suna amfani da manyan motocin lantarki a madadinsa, amma inda wuta ba ta da tabbas ko hayaƙin ya wadata, tabain na nan daram.

Abin da ke faruwa idan iska ta yanke

Matsin iskar da ke shiga shi ke tokare narkakken kashin ƙarfe kada ya kwarara cikin bututan, kuma hayaƙin da ke hawa sama yana tallabe da wani ɓangare na nauyin kayan da aka zuba. Idan iska ta yanke kwatsam, musamman in gindin tukunyar ya cika ba a tsiyaye ba, kayan sama sai su rufto, kashin ƙarfe ya malalo cikin bututan ya daskare. Daga nan sai an cire su ɗaya bayan ɗaya an canza ko an fasa abin da ya toshe su. Haka kuma hayaƙi mai ci da wuta na iya komawa baya ya haɗu da iskar da ta rage a babban bututu, wanda hakan kan jawo fashewa. In jinkirin ya yi tsawo, gindin tanderun ya huce, sai a shiga aikin makonni.

Ana tsayar da tanderu da gangan lokaci-lokaci don gyara, amma da shiri: a ƙara gawayi tun da wuri, a tsiyaye gindin, a rage iska sannu a hankali, a toshe bakin bututai da yumɓu. Abin da ake gudu shi ne tsayawar ba-zata. Idan tanderu na fitar da tan 10,000 a yini, kowace awa ɗaya ta tsayawa asarar sama da tan 400 ce, ban da kuɗin gyara da haɗarin da ma'aikata ke shiga.

Wurare biyar da matsala ta fi ɓullowa

Na ɗaya: shaƙuwar inji. Kwamfuresa na son iska ta riƙa wucewa ta cikinsa da yawa. Idan hanyar gaba ta matse, misali kayan cikin tanderu suka cushe ko aka yi kuskure wajen sauya murhu, matsin gaba zai ƙaru, yawan iskar da ke wucewa ya ragu. A wani mataki farfela ba za su iya tura ta ba, sai iskar ta juyo baya da ƙarfi, ta sake yin gaba, ta sake juyowa, kamar mai shaƙuwa. Injiniyoyi na kiran wannan saj. Kowane juyi yana dukan farfela da abin da ke riƙe sanda, kuma iskar da ke kai-komo tana ƙara zafi cikin hanzari, har ta kai ga lalata farfela cikin ɗan lokaci. Maganinsa wani bawul ne da ke buɗewa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya saki iska waje. Kwamfutar da ke kula da shi tana auna matsi da yawan iska sau da yawa a daƙiƙa, tana barin tazarar kusan kashi 10 cikin 100 tsakanin inda inji ke aiki da inda shaƙuwa ke farawa. Ana ƙera bawul ɗin ta yadda in abin da ke sarrafa shi ya mutu, zai buɗe da kansa. Sai dai a lura: buɗewarsa na ceton inji ne, amma tana rage wa tanderu iska. Don haka bawul da ke buɗewa ba dalili shi ma matsala ce.

Na biyu: mai. Sandar da nauyinta ya kai tan da yawa ba ta juyawa a kan boris mai ƙwallaye irin na babur. Tana iyo ne a kan shimfiɗar mai da kaurinta bai wuce na gashin kai ba, a cikin wani gammo da aka shafe da farin ƙarfe mai laushi. Idan mai ya yanke na 'yan daƙiƙu, sanda ta gogi farin ƙarfen ya narke. Shi ya sa ake jera kariya hawa-hawa: babban famfo, famfo na biyu da ke tashi da kansa in matsi ya faɗi, famfon gaggawa mai aiki da batir, sannan tanki a can sama wanda mai ke gangarowa daga gare shi ba tare da wuta ba har sanda ta tsaya. Babban maƙiyin mai shi ne ruwa, wanda ke shiga daga tururin da ke yoyo a gefen sanda. Sai datti, sai wani danƙo da tsohon mai ke haifarwa wanda ke sa bawul ya maƙale.

Na uku: ingancin tururi. Ruwan da ake dafawa a tukunya dole ya fi ruwan sha tsabta nesa ba kusa ba. Sinadarin silika, wato na yashi, in ya bi tururi yakan manne a farfela kamar gilashi, ya rage ƙarfin inji, ya ƙara turin da ke kan sanda. Iyakar da aka saba sanyawa ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin biliyan ɗaya. Gishiri kuma yana cin farfela har su tsage. Mafi muni shi ne ruwa ya shigo tabain mai zafi a madadin tururi, domin yana iya lanƙwasa sanda nan take.

Na huɗu: iskar da ake zuƙa. Sararin masana'antar ƙarfe cike yake da ƙura da hayaƙin farar wuta. Ƙura na zaizaye farfela ko ta taru a kansu, hayaƙin kuma in ya haɗu da laima ya zama ruwan batir mai cin ƙarfe. Don haka ake gina babban ɗakin tace iska a gaban inji, ana auna bambancin matsi kafin matata da bayanta don a san lokacin da ta toshe.

Na biyar: ƙananan kaya. Wayar da ta saki, na'urar awo da ta fara ƙarya, batir da ya mutu ba a sani ba, famfon ruwan sanyaya da ya tsaya saboda ɗaukewar wuta. Tabain ba ya buƙatar wutar layi don ya juya, amma famfunan da ke yi masa hidima suna buƙata. Sau da yawa ƙarfen injin lafiyarsa ƙalau, wani abu ne da bai kai girman tafin hannu ba ya tsayar da shi.

Yadda ake sauraron inji

Tsohon makanike yakan ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunne. Yau na'urori ke wannan aikin. A kowane gammo ana dasa na'urorin awo biyu da ke kallon sanda ba tare da taɓa ta ba, suna auna jijjigarta da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kamfanin Bently Nevada na Amurka ne ya yi fice wajen yaɗa irin waɗannan na'urori tun shekarun 1960. Akwai wasu masu auna ko sanda na zamewa gaba ko baya, da masu auna zafin farin ƙarfe. Ƙa'idar da aka fi bi wajen dasa su ita ce API 670, ta tsarin mai kuwa API 614.

Yawan jijjiga kaɗai bai isa ya faɗa maka ciwon ba. Manhaja kan rarraba ta zuwa mita-mita ta hanyar wani lissafi da ake kira FFT, irin wanda ke sa sanduna su riƙa hawa da sauka a manhajar jin sauti. A ɗauka sanda na juyawa sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa:

Idan jijjigar ta fi ƙarfi a sau 50 a daƙiƙa, daidai da gudun sanda, galibi nauyi ne bai daidaita ba. Wataƙila datti ya taru a gefe guda, ko wani yanki na farfela ya ɓalle, ko sanda ta lanƙwashe.

Idan ta bayyana sosai a sau 100, ninki biyu ke nan, ana fara zargin sandunan biyu ba su kan layi ɗaya.

Idan kuma ta fito tsakanin sau 21 zuwa 24, ƙasa kaɗan da rabin gudu, alama ce shimfiɗar man ta fara wujijjiga sanda a cikin gammo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne alkiblar da lambar ke bi. A ce ƙararrawa za ta kaɗa a maikiron 80. Inji da ya shekara yana kan 50 bai motsa ba ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya tashi daga 20 zuwa 40 cikin mako biyu, ko da yake na biyun ya fi nisa da iyaka. Duk wanda ya taɓa lura da uwar garke ya san haka: ma'adanar da ke cika da sauri ita ce abin tsoro tun kafin ta kai maƙura. Don haka dole a adana bayanai, a kuma samu wanda ke duba su.

A kashe ko kada a kashe?

Nan ne wahalar take. Idan tsarin kariya ya cika saurin kashe inji, tanderu zai riƙa rasa iska saboda ƙaryar na'ura ɗaya. Idan ya cika jinkiri, inji zai wargaje. Misali mafi haɗari shi ne gudun wuce kima: in mahaɗi ya tsinke, tabain ya rasa kayan da yake ja, gudunsa zai haura cikin daƙiƙu. Ƙarfin da ke fizgar farfela waje yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana nufin ƙarin fizga na kashi 21. A daidai wannan mataki aka saba saita na'urar da ke rufe tururi.

Dabarar da ake bi ita ce ƙuri'ar biyu cikin uku. Ana sa na'urori uku su auna abu ɗaya. In ɗaya ce kawai ta ce akwai haɗari, sai a kaɗa ƙararrawa a tura ma'aikaci ya duba. In biyu suka yarda, a rufe tururi nan take. Mu gwada da lissafi. A ɗauka yiwuwar kowace na'ura ta yi ƙarya 1 ce cikin 100. Da na'ura ɗaya, yiwuwar kashe inji a banza 1 ce cikin 100. Da uku, sai biyu sun yi ƙarya tare: 0.01 sau 0.01 ya ba da 0.0001, kuma hanyoyi uku ne za a iya haɗa biyu daga cikin uku, jimilla kusan 3 cikin 10,000. Wannan lissafin na aiki ne kawai in kowace na da wayarta da hanyar wutarta, kuma ana gyara wadda ta lalace da wuri.

Bawul ɗin rufe tururi shi ma yana da nasa ciwon. Yakan yi watanni a buɗe bai motsa ba, datti ya riƙe shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi rufuwa. Shi ya sa ake motsa shi kaɗan lokaci-lokaci alhali inji na aiki, don a tabbatar bai maƙale ba.

Lissafin dogaro

Lambobi biyu ake amfani da su: matsakaicin lokacin da inji ke yi kafin ya lalace, da matsakaicin lokacin da gyara ke ci. Ka raba na farko da jimillar biyun, sai ka samu kason lokacin da inji ke kan aiki. Lambobin da ke tafe na misali ne don koyo.

A ce inji na yin awa 8,000 kafin matsala, gyara na cin awa 80. 8,000 a raba da 8,080 ya ba da kashi 99 cikin 100. Da jin haka za ka ce madalla, amma shekara awa 8,760 ce, kashi 1 nata kusan awa 88 ke nan, fiye da kwana uku da rabi ba iska.

Yanzu gwada hanyoyi biyu. Idan ka ninka ƙarkon injin zuwa awa 16,000, za ka samu kashi 99.5. Idan kuma ka bar ƙarkon yadda yake, ka rage lokacin gyara zuwa awa 24, za ka samu kashi 99.7. Ka ga saurin gyara ya fi riba a wannan misalin. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antu ke ajiye sanda ta biyu da farfelarta, da gammo, da na'urorin awo a sito, domin ƙera sabuwar sanda kan ci watanni.

Hanya ta uku ita ce inji na biyu a gefe. A takarda, injuna biyu masu kashi 99 za su lalace tare ne sau 1 cikin 10,000 na lokaci, ƙasa da awa ɗaya a shekara. A aikace akwai tarko biyu. Na farko, in duka biyun suna shan tururi daga bututu ɗaya, ko ruwan sanyaya daga famfo ɗaya, ko umarni daga kwamfuta ɗaya, to abu ɗaya zai kayar da su tare. Na biyu, tabain mai sanyi ba ya tashi nan take, sai an ɗumama shi a hankali na awoyi don kada ƙarfe ya lanƙwashe. Saboda haka masana'antu masu tanderu fiye da ɗaya sukan haɗa bututansu da bawul mai saurin buɗewa. Da injin wani tanderu ya faɗi, sai a tsakuro iska daga na maƙwabcinsa, wadda ba za ta isa narka ƙarfe ba, amma za ta tokare kashin ƙarfe har a tayar da na ajiya.

Yaushe ake buɗe inji?

Hankali zai ce yawan kwance inji ana dubawa shi ne kulawa. A 1978 wasu injiniyoyin kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoton da ya girgiza wannan tunani. Sun gano cewa kashi 89 cikin 100 na kayan jirgi da suka nazarta ba su da wani takamaiman shekarun da lalacewarsu ke ƙaruwa, kuma da yawa sun fi lalacewa ne jim kaɗan bayan an sa su ko an taɓa su. Binciken a kan jirage aka yi, amma masana'antu masu nauyi sun ɗauki darasin: kowane kwancewa dama ce ta shigar da datti, ko mantuwar noti, ko kuskuren daidaita sanda.

Tsarin da ya fi dacewa yakan kasu haka. A kowane zagayen aiki, ma'aikaci ya zaga ya duba yoyon mai da tururi, ya saurari ƙara, ya rubuta matsi da zafi. A kai a kai a ɗebi mai da ruwan tukunya a kai ɗakin gwaji. A riƙa tayar da famfunan ajiya ana gwada batir. Duk ranar da aka tsayar da tanderu da shiri, a gwada bawul ɗin shaƙuwa da na'urar gudun wuce kima, a leƙa farfela da 'yar kyamara mai dogon wuya ba tare da ɗaga murfi ba. Babban garambawul kuwa sai bayan shekaru, bisa umarnin maƙerin injin da abin da awo ya nuna. Bayan an kashe tabain mai zafi, dole a bar wata ƙaramar mota ta ci gaba da juya sanda a hankali har ta huce, in ba haka ba samanta zai fi ƙasanta zafi ta lanƙwashe.

Inda kwamfuta ta shigo

Tunda manhaja ce ke riƙe da duk waɗannan bawuloli, tsaronta ya zama ɓangare na kula da inji. A Disambar 2014 hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus, BSI, ta ba da rahoton cewa masu kutse sun shiga wata masana'antar ƙarfe a ƙasar ta hanyar saƙon imel na yaudara, suka tsallaka daga kwamfutocin ofis zuwa na sarrafa injuna. Sakamakon haka aka kasa kashe wani tanderu bisa tsari, aka yi mummunar ɓarna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsarin kariyar inji ya kamata ya zauna daban da na ofis, bayanai su riƙa fita daga gare shi amma umarni kada ya shigo daga waje, kuma duk wani sauyi a lambobin ƙararrawa a rubuta wanda ya yi shi da dalilinsa.

Me ya shafe mu?

A Ajaokuta da ke jihar Kogi akwai tanderun irin wannan, wanda aka ba kamfanin Tyazhpromexport na tsohuwar Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antarsa a 1979. An tsara matakin farko ya fitar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara da tamar Itakpe, kuma an gina masa tashar da ta haɗa samar da wuta mai megawat 110 da injunan zuga masu tabain. Har yau ba a taɓa hura wa tanderun wuta ba. Duk ranar da aka tashi hura shi, tambayar farko ba za ta wuce ta iska ba: shin za a iya hura ta shekara da shekaru ba yankewa? Inji irin wannan ko a ajiye yake yana buƙatar kulawa, a riƙa juya sandarsa kada nauyinta ya lanƙwasa ta, a hana laima shiga cikinsa, a riƙa zagaya mai. Sannan ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda ke sa iska ta yi sako-sako inji ya ƙara wahala, duk sai an yi lissafinsu. Aikin zai buƙaci makanikai da injiniyoyi, zai kuma buƙaci matasan da suka iya karanta bayanan awo da rubuta manhaja.

Aikin gida

Buɗe Excel ko Google Sheets. A layin farko rubuta kwanaki 1 zuwa 30. A na biyu ƙirƙiri lambobin jijjiga da suka fara daga maikiron 20, suna ƙaruwa da 1.5 kowace rana daga rana ta 11. Zana jadawali, sannan ka lissafa ranar da layin zai taɓa 80 in ya ci gaba a haka. Bayan nan rubuta ƙa'idar da za ta yi gargaɗi idan matsakaicin kwana bakwai na baya-bayan nan ya haura na kwana bakwai da suka gabace su da kashi 20 cikin 100. Kwatanta ranar da ƙa'idarka ta yi magana da ranar da ƙararrawar 80 za ta kaɗa. Kwanakin da ke tsakani su ne lokacin da masana'anta za ta samu ta ɗumama injin ajiya, ta shirya kayan gyara, ta sauya inji ba tare da tanderu ya rasa iska ba.

Wanda ya iya Python zai iya ƙara mataki ɗaya: ya rubuta ɗan shiri da ke karɓar lambobi uku, ya yanke hukuncin ƙuri'ar biyu cikin uku, ya kuma faɗi wace na'ura ce ta saɓa wa sauran. Mu haɗu a darasi na gaba.